Don Allah masana: bugawar inji da lalacewar rediyo duk maki ɗaya ne a wurin masu auna ingancin mota?

Bazazzagi_TudunJukun

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin harkar mota, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Na kusa wata biyu ina neman motar da zan saya, tokumbo ko 'yar gida mai ɗan dama-dama, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma yanzu, ba abu ne da mutum zai saya yau gobe ya ce bari in canza ba. To sai ƙanena da ke karatu a Samaru ya ce in daina biye wa dillalai, wai akwai kamfanoni a Amurka da aikinsu kenan, su tambayi masu motoci sannan su fitar da jerin waɗanda suka fi ƙarko. Ya buɗe min na J.D. Power a waya. Bayan isha'i na zauna na karanta a tsanake, abin da na gane shi ne suna ƙirga matsala nawa aka samu a cikin kowace mota 100, wanda adadinsa ya fi ƙasa shi ne na ɗaya. Har nan ba laifi. Amma da na ƙara gaba sai na ga ashe wanda wayarsa ta ƙi haɗuwa da Bluetooth ɗin mota ɗaya aka rubuta masa, wanda giyabos ɗinsa ya mutu murus shi ma ɗaya. Wlh a nan kaina ya ɗaure.

Abin da ya sa ya tsaya min a rai shi ne motata ta baya, ba sai na faɗi kamfani ba. Shekara huɗu ina hawanta, da za a kawo min takarda a ce rubuta matsalolin da ta ba ka, ba za su wuce biyu ko uku ba, komai nata lafiya lau, gilashi na hawa yana sauka, esi kamar firiji. Rannan muna dawowa daga Kaduna, mun ɗan wuce Birnin Yero ana kiran magariba, sai na ji ƙara daga ƙasa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, jar fitilar mai ta kawo, kafin in gama gangarawa gefe inji ya ɗauke. Ga mai ɗakina, ga yara uku, ga surukata da muka kai ganin likita ko tsayuwar kirki ba ta iya yi. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne in duhu ya yi. Autata sai tambaya take Baba yaushe za mu tafi, ni kuma ina tsaye da fitilar waya a gaban bonet ƙirjina na dukan uku-uku. Allah ya kawo wani bawan Allah mai Sharon ya kwashi iyalin ya sauke su a Ɗanmagaji, ni na zauna jiran janwe har wajen goman dare.

Maƙwabcina kuma tasa motar kullum da abin faɗa, hannun ƙofa ya karye, rufin ciki ya zazzago, rediyo sai an ɗan buga, madubi naɗe da salatif, amma shekara takwas ba ta taɓa ajiye shi a hanya ba ko sau ɗaya. To a lissafin mutanen nan tasa tana da matsala goma tawa uku, kenan tawa ta fi tasa inganci? Ni dai hankalina bai ɗauka ba.

Tambayata: da gaske ne haka suke ƙirgawa ko ni ne ban fahimta ba? Kuma akwai masu auna nauyin matsalar, ba yawanta kaɗai ba? In akwai, da wane sikeli suke aunawa, kuma zai yi wa irinmu amfani a nan Zariya? Na gode.

MalaminSamaru

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara tsarewa, hanyar nan da magariba ba daɗi.

Ka fahimta daidai. J.D. Power suna da bincike iri biyu da aka fi sani. Ɗaya na sabuwar mota ne, suna tambayar mai ita abin da ya gani a kwana 90 na farko, tun 1987 suke yin wannan. Ɗayan kuma na motar da ta shekara uku a hannun wanda ya saye ta sabuwa, ana tambayarsa abin da ya faru a wata 12 da suka wuce. Duka biyun ƙirge ne, kowane ƙorafi ɗaya ne, kuma ba lalacewa kaɗai ake sakawa ba, har abin da mutum ya ga ya yi masa wuyar sarrafawa ko bai yi masa daɗi ba yana shiga. Shi ya sa a 2003 Hummer ta zo ta ƙarshe, kuma cikin manyan ƙorafin masu ita har da cewa tana shan mai, alhali ba abin da ya lalace, haka aka ƙera ta. Ford kuma a 2010 tana ta biyar, shekara ɗaya tak a 2011 ta faɗo ta 23, babban abin da ya jawo shi ne sabon allon taɓawa da suka saka mai suna MyFord Touch wanda ya riƙa ba mutane haushi. A 'yan shekarun nan ma ɓangaren allo da haɗa waya da magana da mota shi ne ya fi kowane tara ƙorafi.

Amma kar mu ce ba su san abin da suke yi ba. Ka duba wa ake yi wa aikin. Kamfanonin mota su ne manyan masu sayen bayanan nan, su kuma abin da ya dame su shi ne me zai ɓata wa mai sayen sabuwar mota rai har ya ƙi dawowa. A kwana 90 na farko da wuya ka ji inji ya buga, in ma ya buga akwai garanti, za a gyara kyauta sau da yawa har a ba shi wata ya riƙa hawa. To ga irin wannan mutumin allon da ke daskarewa kullum safiya ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Mu kuma motar da take zuwa hannunmu ta yi shekara goma sha wani abu, ta ga dusar ƙanƙara da gishirin titi, wata an yi hatsari da ita an gyara, garanti ya ƙare tun tuni. Gwajin da aka yi mata tana amarya ba shi zai gaya maka halinta na yanzu ba.

Masu auna nauyi akwai. Consumer Reports, ƙungiya ce da ba ta neman riba, tun 1936 take, ba ta karɓar talla kuma motocin da take gwadawa da kuɗinta take saye. Duk shekara tana tambayar mambobinta, kuma tambayar da kanta ta bambanta, cewa take ka faɗi matsalar da kake ganin babba ce saboda kuɗin gyara, ko abu ya daina aiki, ko hatsari, ko kwanakin da motar ta yi a ajiye. Ta kasa mota gida-gida, da can 17 ne yanzu sun kai 20 saboda motocin lantarki, sannan wajen haɗa maki babbar matsalar inji da ta giya sun fi nauyi a kan birki mai ƙara ko robar ciki da ta ɓalle. Wannan ya fi kusa da abin da kake nema.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Wa ya yanke cewa giyabos ya ninka rediyo sau kaza? Mutum ne ya zauna ya sa lambar. A ce mota A cikin ɗari, 30 sun sami ƙananan matsaloli 2 sun sami babba, mota B kuma 10 ƙanana 5 manya. In ka ce babba ta ninka ƙarama sau uku, A tana da 36, B tana da 25, B ta yi nasara. In ka ce sau goma, A 50, B 60, A ta yi nasara. Motocin ba su canza ba, sikelin ne ya canza. Ga kuma wata, babbar matsala ba ta cika faruwa ba, to in mutum 150 kawai suka amsa a kan wata mota, mutum biyu da suka yi rashin sa'a sun isa su kifar da ita ƙasa tunda an ba matsalarsu nauyi sosai. Ƙara nauyi yana buƙatar ƙara yawan waɗanda aka tambaya, in ba haka ba sakamakon sai ya riƙa rawa shekara zuwa shekara.

Jamusawa kuma wata hanya suka bi, ba sa tambayar mai mota sam. Doka ce a kai mota gwaji bayan shekara uku, daga nan duk shekara biyu, mai dubawa ya shiga ƙarƙashinta ya rubuta ko aibin ƙarami ne ko babba ne ko mai hatsari ne, kuma rahoton TÜV, wato masu yin wannan gwajin, da yawan manyan aibobin yake jera motoci, har da tsofaffi masu shekara goma da ɗoriya, wanda ya fi kusa da irin namu. Amma su birki da fitila da ƙafafu da ɗigar mai da tsatsa suke dubawa. Giyabos da yake shirin mutuwa wata mai zuwa zai iya wucewa lafiya lau.

Kanike_Agoro

Slm. Malam Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru wlh. Ni ban san su Jedi Pawa ba amma shekara 22 ina kwance a ƙarƙashin mota, bari in faɗi yadda muke auna nauyin matsala a gareji.

In aka kira ni aka ce oga mota ya samu matsala, tambayan farko da nake yi shi ne yana tafiya ko ya tsaya. Motan da zai kawo kanshi gareji da ƙafan shi ko yana tari ko yana hayaƙi wannan da sauƙi, wanda sai an nemo janwe ko igiya shi ne babba ko da abin da ya lalace na ɗari biyar ne. Na sha zuwa Tashan Yari ko hanyan Giwa don fiyus guda ɗaya ko wayan fuwel famfo da ya saki, minti biyar na gyara, amma mai motan ya yi awa huɗu a rana da matan shi da yara, to kai a takarda me za ka rubuta, ƙarami ko babba?

Sai maganan kaya. Wannan Bature ba zai taɓa saka shi a lissafi ba don shi waya kawai zai buga gobe a kawo mai. Mu a nan abu ɗaya ne zai lalace a mota biyu, ɗaya in tura yaro Sabon Gari da mashin kafin la'asar an ɗaura mai motan ya tafi, ɗayan sai an buga Panteka babu, an buga Ƙofan Ruwa babu, sai Ladipo a saka a motan dare, ya zo kuma a ga ba lamban shi bane a mayar. Yanzu haka akwai wani mota a wurina ya shiga sati na uku, biren bos ne, wato kwamfutan motan, ƙura ya rufe shi har yara na rubutu a gilashi, mai shi ma'aikaci ne kullum sai ya hau keke napep ya biyo ya leƙa ya tafi, tausayi yake bani wlh. A ƙasan da aka ƙera shi wannan aikin yini ɗaya ne.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne ƙaramin matsala iri biyu ne. Akwai wanda zai mutu a ƙaramin shi, kaman hannun ƙofa da rufi da rediyon maƙwabcinka, shekara goma ba zai haifi komai ba. Akwai kuma mai ciki. Tiyon lagireto yana ɗiga kaɗan kaɗan, kullum safe ka ƙara ruwa rabin gora ka ce ba komai, rannan a go-sulo na Kwangila cikin zafin Afrilu fanka ya ƙi tashi, allura ya haura, gaskit ya ƙone, saman inji ya lanƙwashe. Ko boljoyin, roban shi ya fashe ƙuran hunturu ya shiga ruwan Agusta ya bi, ya fara ƙwas ƙwas in ka hau bam, ka ƙara rediyo don kar ka ji, sai ranan da taya ya kwanta a tsakiyan titi, in kana gudu kuma sai dai Allah ya kiyaye. A ranan farko duk biyun ƙanana ne, mai mota ba zai iya bambance su ba, to in shi ake tambaya yaya za a yi lissafi ya fito daidai?

Kai kuma mai tambaya kar ka ji haushi na, yadda ka kwatanta ƙaran nan da jan fitila, injinka rashin baƙin mai ne ya kashe shi, ko ya ƙone ya ragu baka duba ba ko famfo ya toshe. Na buɗe inji da yawa na samu mai ya daskare a ciki baƙi ƙirin kaman kwalta saboda jabun mai ko an wuce lokacin sabis. Ban ce kai ne ba, wataƙila tun hannun wanda ya riga ka ne. Amma ka ga irin wannan in aka rubuta shi a kan sunan mota an zalunci motan.

Maman_Biyu

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma Oga na yarda da kai a kan mai ciki da marar ciki. Amma ina so in ɗan ja da ku a wuri ɗaya, saboda duk maza ne kuke magana kuma kun riga kun yanke cewa inji da giya su ne manya, sauran tarkace ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki a Shika ina zaune a Gyallesu, wani satin da dare nake tashi. Motata ba ta taɓa bugawa ba Alhamdulillah. Amma ranar da na fi jin tsoro a rayuwata ta tuƙi, waifa ce ta tsaya. Watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, na baro Shika ban kai Samaru ba kawai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, ga tireloli suna tahowa daga hanyar Funtuwa da fitilunsu, ba na ganin komai sai haske ya watse a ruwa. Na sauke gilashin gefe na leƙo da kai ina tafiya kamar mai tatata, hijabina ya jiƙe sharkaf, bakina ba abin da yake sai Hasbunallahu. In tsaya kuma a ina, ni kaɗai mace ƙarfe tara na dare? Washegari da aka duba wani ɗan ƙarfe ne ya zame, ko kuɗin kirki ba a karɓa ba.

Haka makullin ƙofa da ya daina kullewa, haka gilashin da ya sauka ya ƙi hawa, haka batir da ya mutu da asuba ina da karɓar aiki wata tana can ta kwana tana jira in zo ta tafi gun 'ya'yanta. Ko esi, ku kuna cewa jin daɗi ne, ku ɗauki jariri a bayan mota a watan Maris ku shiga cunkoson PZ tukunna.

Mu a wurin aiki in marasa lafiya suka taru ba ƙirga ciwo muke ba, ba kuma girman gaɓar muke dubawa ba, muna duba wa zai iya jira wa ba zai iya ba. To ni a ganina maimakon su zauna a ofis su ce wannan ɓangaren maki kaza ne, su tambayi mai motar abin da ya biyo baya mana. Ta hana ka zuwa inda za ka? Ta ajiye ka a hanya? Ka ji tsoro don ranka? Kwana nawa ka yi ba mota? Malam ko akwai masu yin haka?

Direban_Kwangila

Ni dai duk wannan dogon lissafi ne. Malam ka je tasha ka tsaya ka ga wace mota ce ke lodi kullum tana zuwa Kano sau biyu ta dawo, mu ba ma ajiye motar da za ta kwana gareji don ranar da ba ta fita ba ba cefane. Golf da Sharon ba don kyau muke binsu ba. In ta gida kake so ka nemi Corolla ka huta, ko a ƙauye ta tsaya za ka samu wanda ya san ta da kayanta. Hajiya sannu, Allah ya kiyaye gaba, maganar waifa gaskiya ce, ni duk damina sai na canza.

Bazazzagi_TudunJukun

Oga ban ji haushi ba ko kaɗan, gaskiya ka faɗa, wanda ya buɗe injin ma abin da ya ce kenan, kuma na tuna akwai lokacin da na riƙa sayen mai a bakin titi saboda sauƙi. Hajiya wlh kin buɗe min ido, don mai ɗakina ma za ta riƙa hawa motar nan tana kai yara makaranta, ban taɓa kawo wannan a lissafina ba.

MalaminSamaru

Hajiya maganarki ita ce ainihin wurin, kuma akwai masu gwada hakan. Mujallar What Car? ta Ingila tana tambayar nawa gyaran ya ci da kwana nawa motar ta yi a ajiye, da waɗannan take fitar da maki. ADAC kuma, ƙungiyar masu motoci ta Jamus da ke kai ɗauki in mota ta tsaya, ita waɗanda suka tsaya ɗin kaɗai take ƙirgawa, wato tambayar farko ta Oga. Kin san me ke zuwa na ɗaya duk shekara? Batir, sama da kashi 40 cikin 100. Abin da kowa zai kira ƙarami shi ya fi ajiye mutane.

Mu a aikin injiniya akwai wata tsohuwar hanya da ake kira FMEA, sojojin Amurka suka fara ta a 1949 daga baya masu ƙera mota suka ɗauka. Kowace matsala ana ba ta maki uku daga 1 zuwa 10: munin abin da za ta jawo, yawan faruwarta, da wuyar gano ta kafin ta yi ɓarna. Na ukun nan shi ne mai cikin da Oga yake faɗa. Da can sai a ninka ukun a jera. Amma ku duba, rediyo muni 3 yawa 8 ganowa 5 ya ba da 120, boljoyin muni 10 yawa 2 ganowa 3 ya ba da 60, sai lissafi ya ce a fara da rediyo, alhali ɗayan rai yake ɗauka. Saboda irin wannan ne a 2019 ƙungiyoyin masu ƙera motoci na Amurka da Jamus suka bar ninkawar a sabon tsarin da suka fitar tare, suka koma duba muni tukunna kafin sauran. Ni ma a nan na tsaya, abin da zai iya kisa ba a haɗa shi a kwano ɗaya da sauran a raba, gefe ake ware shi.

Kuma mafi munin ma ba ya fitowa a kowace tambaya, don mai motar bai san da shi ba. Jakar iskar kamfanin Takata ita ce misali. Sinadarin da ke hura ta, irin wanda ake samu a wani takin zamani, yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, ranar da aka yi karo sai gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarfe a fuskar direba. Mutane sun mutu, an yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, wato a dawo da motocin a canza su, kamfanin ya durƙushe a 2017. Duk shekarun nan masu motocin suna cike takarda suna cewa ba matsala, kuma gaskiyarsu ne, ba abin da suka gani. Direba, ba ina kushe Corolla ba ne, shawararka mai kyau ce, amma a farkon 2024 Toyota da kanta ta gargaɗi masu wasu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 a Amurka da su daina tuƙawa sai an canza jakar, Honda ma ta yi irin wannan gargaɗin a 2023 kan wasu Accord da Civic na 2001 da 2002. Irin waɗannan shekarun ne cike da titunanmu, kuma wadda aka fito da ita kafin a gyara ba wanda zai aiko mata da takarda Zariya.

Malam mai tambaya, duk wadda ka gani in ta Amurka ce, ka kwafi lambar jikinta, guda 17 ce haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka saka a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi ba.

Kanike_Agoro

Malam wannan na jakan iska ban sani ba sai yau, Allah ya saka. Ƙari kuma, da yawan motocin da ake kawowa ma babu jakan a ciki, ya fashe tun can an ɗinke sitiyari an kashe fitilan. Mai tambaya in ka murɗa makulli kafin ka tada, ka duba fitilan jakan iska da na cek injin su kawo sannan su ɗauke, in basu kawo ba sam to an taɓa wurin. Kuma ka je da safe inji na sanyi, kar ka yarda a ɗumama maka kafin ka iso.

Bazazzagi_TudunJukun

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Akwai guda biyu da zan je gani ranar Asabar, ɗaya a Tudun Wada ɗaya a wajen Hanwa, na riga na ce dillalin ya turo min hoton lambar ta farkon, ya ce sai gobe in ya buɗe. Oga zan yi maka magana ta akwatin saƙo in kana da sarari mu je tare da sikana, zan biya kuɗin lokacinka. Ta Hanwa ɗin an ce ta Turai ce ba ta Amurka ba, Malam ita kuma a ina ake duba nata kiranyen?